Fi'ilai Huɗu na Magana a Turanci: "Say", "Tell", "Speak" da "Talk"

1. Matsalar

Daga cikin kalmomin Turanci da yaro ya ke fara haɗuwa da su a makaranta akwai fi'ilai huɗu, watau "say", "tell", "speak" da "talk". Dukansu suna cikin jerin kalmomi kimanin 2,000 da Michael West ya buga a 1953 don amfanin masu koyar da Turanci ga baƙin harshen. Amma duk da yawan aukuwarsu, ɗalibi ya kan kai ajin ƙarshe na kwalejin horon malamai bai daina rubuta "He said me" ko "He told that he was ill" ba. In kuwa ya fita da wannan kuskure, zai shuka shi a kowane aji da aka danƙa masa.

Tushen matsalar shi ne akan koyar da kalmomin ta hanyar ma'ana kaɗai, alhali ma'anoninsu sun yi kusa ƙwarai. Babban abin da ya raba su shi ne irin kalmar da kowane fi'ili ya ke yarda ta biyo bayansa.

2. "Say" da "tell"

Maf'ulin "say" shi ne maganar kanta: "Audu said that the river was full." In ana so a ambaci wanda aka yi wa maganar, tilas a sa "to" kafinsa: "Audu said to me". Shi kuwa "tell" mai sauraro ya ke nema, kuma ya kan manne da shi ba tare da "to" ba: "Audu told me that the river was full."

Hausa tana da kwatankwacin wannan. Ana iya cewa "Audu ya ce kogi ya cika", amma ba a cewa "Audu ya gaya kogi ya cika", sai an faɗi wanda aka gaya wa. Saboda haka "ce" ya yi daidai da "say", "gaya wa" kuma ya yi daidai da "tell".

Inda ɗalibi ya ke tuntuɓe shi ne kalmar "mini". In ya ɗauke ta kalma guda, sai ya juya "ya ce mini" ya zama "he said me". In kuwa ya lura gaɓa biyu ce, "ma" da "ni", sai ya zarce ya juya "ya gaya mini" ya zama "he told to me". Ashe kurakuran biyu uwarsu ɗaya. Abin da za a nuna masa shi ne Hausa tana riƙe "ma" a jimlolin biyu, Turanci kuwa yana riƙe "to" bayan "say", ya yar da shi bayan "tell".

Haka kuma umurni aikin "tell" ne. "Malam ya ce masa ya zauna" ya kan koma "The teacher told him to sit down", ko da ya ke "ce" ne a Hausar.

3. Asalin "tell"

Akwai wurare kaɗan da "tell" ya ke tsayawa ba mai sauraro, tarihin kalmar kuwa shi ke bayyana su. A tsohon Turanci siffarta "tellan" ce, kuma daga cikin ma'anoninta akwai ƙidaya. Jamusanci ya riƙe dangantakar a fili: "zählen" ƙidaya, "erzählen" ba da labari. Har yanzu mai ƙirga kuɗi a banki sunansa "teller", haka ma masu ƙirga ƙuri'a a majalisar Ingila. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, don "lissafa" ma tana ɗaukar ƙirga da kuma jero al'amura ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan aka sami "tell a story" da "tell the time", sa'an nan "tell the truth" da "tell a lie". A Hausa fi'ilai dabam-dabam ke ɗaukar waɗannan: a ba da labari, a faɗi gaskiya, a yi ƙarya. Ya fi kyau a haddace su dunƙule, kamar yadda a ke haddace karin magana.

4. "Speak" da "talk"

Waɗannan biyu sun fi kusa da "yi magana". Abin da su ke nunawa shi ne aikin maganar, ba su cika ɗaukar abin da aka faɗa ba. Don haka "He spoke that he was tired" kuskure ne. "Speak" ya fi nauyi, ya fi dacewa da mutum ɗaya a gaban taro, daga gare shi kuma aka sami "speech", watau jawabi. "Talk" ya fi karkata ga hira da taɗi, inda magana ke kai da kawowa tsakanin mutane.

Da "speak" a ke ambaton harshe: "She speaks Hausa." Bahaushe cewa ya ke yi "tana jin Hausa", watau ya rataya iya harshe ga kunne, Bature kuwa ya rataya shi ga baki. Ɗalibin da ya ce "I hear English" ya sanar da Bature cewa sautin yana isa kunnensa kawai.

Wakilci ma aikin "speak" ne. Shugaban majalisar wakilai ta Ingila sunansa "Speaker", kuma Sir Thomas Hungerford ne aka fara rubutawa da wannan laƙabi, a 1377. An kira shi haka domin shi ke magana a madadin majalisa a gaban sarki, ko da ya ke yanzu mai riƙe da muƙamin ba ya shiga muhawara. Fassarar Hausa, Kakakin Majalisa, ta kama wannan ma'ana sosai.

5. Fi'ilai masu yanke hukunci

Fi'ilan nan huɗu duk na gado ne. Bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066, kalmomi masu yawa sun shigo daga Faransanci da Latin, musamman ta hanyar shari'a da mulki. Daga cikinsu akwai "claim", "allege", "admit" da "deny". Waɗannan suna ba da rahoton magana, kuma suna bayyana yadda mai rahoton ya ɗauke ta.

A ɗauki jimlar "Ya ce shi ya ɗauki akuyar". In tafinta ya ce "He said that he took the goat", bai ƙara kome ba. In ya ce "He admitted", ya mai da zancen amsa laifi. In ya ce "He claimed", ya jefa shakka a kan mai maganar. Hausa ta kan nuna irin wannan shakka da "wai", ta bar fi'ilin yadda ya ke, Turanci kuwa ya kan cusa ta cikin fi'ilin kansa. Akawun kotu ko ɗan jarida da ya musanya "said" da "admitted" don gudun maimaici ya ɗora wa mutum laifin da bai amsa ba. Magana kuwa zarar bunu ce, balle wadda ta shiga takarda.

6. Shawara ga malami

Kada a rubuta ɗaya daga cikin fi'ilan a allo shi kaɗai. A rubuta shi tare da abin da ke bin sa: "say something", "tell somebody", "speak a language", "talk to somebody". Sa'an nan a ba ɗalibai jimlolin Hausa masu "ce", "gaya wa", "faɗa" da "wai" su juya, kowa ya faɗi dalilin zaɓinsa. Fi'ilai masu yanke hukunci a bar su sai na gadon sun zauna, kuma a horar da ɗalibi ya tsaya a kan "said" muddin ba shi da hujjar wuce ta.