Hawan Dutsen Idanre: Tambayar da na manta ban yi wa ƙawayena ba

A wannan makon labarin wata tafiya zan ba ku, wadda ta kusa zame mana da-na-sani, kuma rabin laifin nawa ne.

Mu shida ne, ƙawaye tun daga makaranta, muka haɗu a Akure wajen bikin ƙanwar ɗayarmu. Washegarin walima muka ce ba za mu bar Jihar Ondo ba sai mun hau Dutsen Idanre, wanda bai kai tafiyar awa ɗaya a mota daga Akure ba. Manyan duwatsu ne da kurmi ya kewaye, kuma a samansu mutanen Idanre suka zauna ɗaruruwan shekaru kafin su sauko ƙasa kimanin shekara 100 da suka wuce. Har yau tsohuwar fadar sarkinsu, Owa, tana can, da tsohuwar kotu da makarantar firamare. A 2007 aka sa wurin cikin jerin wuraren da Najeriya ke nema wa amincewar hukumar UNESCO a matsayin kayan tarihi na duniya. Kafin mutum ya kai tsohon garin sai ya taka matakala sama da 600, da wuraren hutawa biyar a hanya.

Da yake ni ce mai harhaɗa magunguna a cikinmu, ni aka ɗora wa jakar agaji. Na zuba filasta da bandeji da farasitamol da ledar ORS, ina ganin na gama komai. Abu ɗaya ban yi ba: ban tambayi kowa wane magani take sha kullum ba.

Mun yi niyyar fara hawa da ƙarfe bakwai, amma shirin mata bai bar mu mun isa ba sai wajen goma. Rana ta riga ta ɗaga. Zafin Kudu kuwa ba irin na Kano ko Sakkwato ba ne. A Arewa iska busasshiya ce, gumi na fitowa yana bushewa, bushewar ce ke sanyaya jiki. A kurmi iskar cike take da laima, sai gumi ya yi ta zuba ba ya bushewa, mutum yana asarar ruwa da gishiri amma jikinsa bai huce ba.

Bayan mun wuce wurin hutawa na uku, sai babbarmu, wadda muke kira Yaya, ta zauna a kan matakala. Hannunta na rawa, goshinta ya jiƙe da gumi mai sanyi, ga ta da faɗa ba gaira ba dalili, mace mai haƙuri irinta. Sauran suka ce zafi ne, aka fara yi mata fifita ana yayyafa mata ruwa.

Na durƙusa na ce, "Yaya, me kika ci da safe?"

Ta ce, "Shayi kawai, ba sukari. Ba na son ciki ya yi mini nauyi."

"Akwai maganin da kika sha?"

"Na sugana mana. Sai ƙwaya biyu ta ciwon gwiwa."

Gabana ya faɗi. Ban ma san an gano tana da ciwon suga ba. Maganin nata glibenclamide ne, na gwiwar kuma ibuprofen, na'urar gwajin suga kuwa ta baro ta a masauki. Allah Ya taimake mu tana cikin hayyacinta, tana iya haɗiya. Wata a cikinmu na da lemon kwalba a jaka, na ba ta kusan rabi, muka jira minti 15. Rawar hannun ta ragu, magana ta daidaita. Na ƙara mata dabino, sannan biskit da gyaɗa don kada sugan ya sake faɗuwa. Ni da ita a nan hawanmu ya tsaya. Muka huta kusan awa ɗaya muka sauko a hankali, sauran suka ƙarasa da ɗan jagora. Fadar Owa a hoton waya na gan ta.

Me ya faru a jikinta?

Glibenclamide da danginsa irin su glimepiride suna sa jiki ya saki sinadarin insulin ko an ci abinci ko ba a ci ba. Hawan dutse kuma yana sa tsoka ta yi ta zuƙar suga daga jini. Idan aka haɗa magani da yunwa da aiki mai nauyi, suga na iya sauka ƙasa da 70 a na'urar da ke auna mg/dL, wato 3.9 a mai auna mmol/L. Haka abin yake ga masu allurar insulin. Metformin shi kaɗai ba kasafai yake jawo haka ba.

Alamomin su ne rawar jiki, gumi mai sanyi, yunwa, bugun zuciya, jiri, saurin fushi da rikicewar magana. Maganin gaggawa shi ne kimanin giram 15 na sukari: ƙaramin cokali uku zuwa huɗu a ruwa, ko lemon kwalba mai sukari kamar mililita 150. A jira minti 15, in bai dawo daidai ba a maimaita. Idan mutum ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe, a nemi asibiti nan take.

Sauran magungunan da ya kamata a kula da su

Magungunan hawan jini masu sa fitsari, kamar hydrochlorothiazide da furosemide, suna rage ruwan jiki tun kafin gumi ya ɗebi nasa, sai a ga jiri da ɗaurewar tsoka. Atenolol da propranolol kuma suna iya ɓoye bugun zuciya da rawar jikin da ke sanar da mai ciwon suga cewa sugansa ya sauka. Amma kada kowa ya ajiye maganin hawan jininsa da kansa don zai hau dutse. A tambayi likita tukuna.

Ibuprofen da diclofenac, da mutane ke sha kafin aiki wai don kada gaɓoɓi su yi ciwo, suna rage jinin da ke zuwa ƙoda. In jiki ya riga ya rasa ruwa, ƙoda na iya jin jiki, musamman ga mai suga ko hawan jini. Farasitamol ya fi sauƙi a irin wannan rana. Maganin mura mai sa barci, irin su chlorpheniramine, ba abokin matakala ba ne. Mai asma kuwa ya sa abin shaƙarsa a aljihu, ba a jakar wani ba.

Kafin ku hau

Ku fara da sassafe, ku karya kumallo sosai. Kowa ya riƙe ruwansa, aƙalla lita biyu, yana kurɓa a kai a kai ba sai ƙishi ya kama shi ba. Fitsari mai duhu alama ce ruwa ya yi ƙaranci. Ledar ORS a haɗa ta yadda aka rubuta a jikinta. In babu, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. A sa takalmi mai kama ƙasa da tufafin auduga marasa nauyi, a guji hawa da azumi a baki ko bayan ruwan sama, lokacin da dutse ke santsi. Wanda jikinsa ya yi zafi rau kuma ya rikice, wannan bugun zafi ne: a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a garzaya asibiti.

Mafi muhimmanci, tun a ƙasa kowa ya faɗa wa aƙalla mutum ɗaya ciwon da yake da shi da maganin da ya sha. Mu Hausawa muna da kawaici a kan lalura, har aminan shekara ashirin ba su san abin da ke jakar juna ba. Amma an ce rigakafi ya fi magani, kuma a tsakiyar matakala 600 babu kemis, babu motar asibiti, sai wanda ke kusa da kai.

Yaya ta ga likitanta bayan ta koma gida, ya gyara mata tsarin shan maganin a ranakun da za ta motsa jiki sosai. Ta ce sai mun koma ta ga fadar nan da idonta. Na amince, da sharaɗin na'urarta da dabinonta suna jaka, kuma a gabana za ta karya.

Allah Ya ƙara mana lafiya, sai mako mai zuwa.