Yadda Birtaniya ke tono fina-finanta da aka manta tana mayar da su kasuwa

A watan Mayun 2009 ne Cibiyar Fina-finai ta Birtaniya, wadda aka fi sani da BFI, ta fara fitar da wani jerin faya-fayai mai suna Flipside. Sunan ya samo asali ne daga zamanin garmaho, lokacin da ake sa waƙar da ake sa ran za ta yi kasuwa a gaban faifai, a bar wadda ba a damu da ita ba a bayansa. Manufar jerin ita ce a nemo fina-finan ƙasar da suka faɗi a kasuwa ko suka ɓace, galibi na shekarun 1960 da 1970, a gyara su, a sayar wa masu son kallo a gida a faifan DVD da Blu-ray.

Daga cikin ukun da aka fara da su akwai The Bed Sitting Room na 1969, fim ɗin barkwanci kan waɗanda suka tsira daga yaƙin nukiliya. Richard Lester ne ya ba da umarninsa, mutumin da ya yi wa mawaƙan Beatles fina-finai biyu da suka karɓu, amma wannan bai hana fim ɗin faɗuwa ba.

Waɗanne irin fina-finai ne?

Ba fina-finai ba ne da suka cika gidajen sinima. Yawancinsu an yi su da kuɗi kaɗan, aka nuna su na ɗan lokaci, sannan aka ɗauke. Abin da ya hana sunansu mutuwa shi ne 'yan tsirarun masoya da suka riƙe su da muhimmanci, suna ba juna labari, suna musayar kaset ɗin da aka naɗa daga talabijin, ko da hoton ya dusashe.

Misali shi ne Bronco Bullfrog, wanda Barney Platts-Mills ya ɗauka a 1969 a gabashin Landan. Matasan da suka fito a cikinsa ba sana'arsu ba ce wasan kwaikwayo. Yaran unguwa ne, kuma da karin harshen unguwarsu suka yi magana. A yau masana tarihi na kallonsa don ganin tufafi da gidaje da zaman kashe wando na matasan talakawa a wancan lokaci, abin da manyan fina-finai ba su cika nunawa ba. Nan darajar waɗannan ayyuka take: sun adana rayuwar mutanen da ba a rubuta tarihinsu ba.

Me ya sa suke ɓacewa?

Dalili na farko shi ne zaren da ake ɗaukar fim a kansa. Har zuwa farkon shekarun 1950 ana amfani da wani nau'i mai saurin kama wuta, wanda kuma yake ruɓewa idan ya daɗe. Wanda ya maye gurbinsa ba ya saurin kamawa, amma idan zafi da laima suka same shi sai ya fara warin ruwan tsami, ya takure, ya lalace. Shi ya sa a 2011 BFI ta buɗe wani rumbu a Gaydon da ke yankin Warwickshire, inda ake ajiye fina-finai cikin sanyin da ya kai digiri 5 ƙasa da sifili.

Dalili na biyu sakaci ne na kasuwanci. Kowane fim yana da uwar zare, wato asalin abin da kyamara ta ɗauka, wadda daga ita ake buga sauran kwafe. Idan kamfani ya durƙushe ko aka sayar da shi, gwangwanayen kan zauna a ɗakin ajiya ba mai biyan kuɗin hayarsu, har wata rana a kwashe su a zubar.

The Wicker Man na 1973, wanda Christopher Lee ya fito a ciki, ya ɗanɗana wannan. Sababbin shugabannin kamfanin da ya shirya shi sun datse shi, suka nuna shi a matsayin ɗan rakiyar wani fim, kuma asalin sassan da aka yanke suka ɓata. A 2013 kamfanin StudioCanal ya fitar da wani zubi da ya fi wanda aka datse tsawo, bayan an samu wani tsohon kwafi a rumbun fina-finai na Jami'ar Harvard a Amurka.

Yadda ake farfaɗo da su

Matakin farko cigiya ce. A 2010 BFI ta fitar da sunayen fina-finai 75 da take nema ruwa a jallo, ciki har da The Mountain Eagle, wanda Alfred Hitchcock ya yi a shekarun 1920. A jerin akwai Symptoms na José Ramón Larraz, fim ɗin ban tsoro da ya shiga gasar bikin Cannes a Faransa a 1974 da sunan Birtaniya, amma daga baya aka rasa inda uwar zarensa take. An gano ta, aka gyara, fim ɗin ya fito a jerin Flipside a 2016.

Cigiyar takan kai ƙasashe masu nisa, domin a da ana aika kwafen shirye-shirye zuwa gidajen talabijin na ƙetare. A watan Oktoban 2013 BBC ta sanar da cewa an samu kashi tara na shirin Doctor Who na 1967 da 1968, waɗanda babu su a rumbunta, a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin da ke Jos. Nan take aka sa su kasuwa ta intanet, daga baya a faifai.

Mataki na biyu shi ne gano mai haƙƙin mallaka, kuma sau da yawa ya fi neman zaren wuya. Haƙƙin fim na iya hannun wani kamfani, na waƙoƙin cikinsa kuma yana hannun wani. Tun 2014 Birtaniya ta samar da tsarin ba da lasisi ga ayyukan da aka yi bincike mai zurfi aka kasa samun masu su.

Sai gyara. Ana wanke zaren, a ɗinke inda ya tsinke, a shigar da shi kwamfuta hoto bayan hoto. Fim na tafiya ne da hotuna 24 a kowace daƙiƙa, wato mai tsawon minti 90 yana da hotuna 129,600. Ana share ƙura da ƙarzuwa, a daidaita launi da sauti. Ƙa'idar masu wannan aiki ita ce a mayar da fim yadda masu shi suka so a gan shi, ba a yi masa kwalliyar zamani ba. Daga nan, bisa dokar bidiyo ta 1984, hukumar tace fina-finai ta ƙasar za ta tantance shekarun masu kallo kafin a sayar.

Ina ribar take?

Masu sayen ba su da yawa, amma suna biya. Don haka kamfanoni irin su Arrow da Indicator kan buga adadi ƙayyadadde, su haɗa da ɗan littafi mai bayanin tarihin fim ɗin, da hira da waɗanda suka rage a raye cikin masu aikin, da gajerun fina-finai na wancan zamani. Dabarar ita ce a sayar wa mutum kaɗan kaya mai daraja.

Sana'ar dai tana tafiya ne a kan siraɗi. Kallo ta intanet ya rage cinikin faifai, kuma a 2023 kamfanin Network, wanda ya fitar da tsofaffin fina-finai da shirye-shiryen talabijin na Birtaniya masu ɗimbin yawa, ya rufe. Masu son faifai na cewa fim ɗin da ke dandalin intanet ana iya cire shi ranar da yarjejeniya ta ƙare, amma wanda ke kan kantar mutum nasa ne.

Abin lura shi ne, ba ingancin fim kaɗai ke sa ya tsira ba. Sai an samu wanda ya ajiye gwangwanin, da wanda ya bi diddigin takardun mallaka, da wanda ya yarda ya zuba kuɗi. Har yanzu ba a ga The Mountain Eagle ba, kuma BFI ba ta daina cigiya ba.