Jam'iyyar Muhawara a Makarantun Sakandare

Akwai wani darasi a makarantun sakandare wanda ba ya cikin jarrabawa, ba a kuwa ba da takardar shaida dominsa, amma sau da yawa shi ne ke bin yaro har tsufansa. Wannan darasi shi ne na jam'iyyar muhawara, inda 'yan makaranta kan taru bayan an tashi daga aji, su ɗauki wani batu su yi gardama a kansa bisa ƙa'ida. Malamai da yawa sun ɗauki abin wasa ne na cika lokaci. Mu kuwa a ganinmu, a nan ne yaro ke fara koyon yadda a ke tafiyar da sha'anin jama'a.

Ga yadda a kan yi. Yara su zaɓi shugaba daga cikinsu, da magatakarda mai rubuta abin da aka faɗa. Sai a kawo batu, misali a ce noma ya fi aikin ofis amfani ga ƙasa. Mutum biyu su tsaya wa batun, biyu su soke shi, kowa da mintocin da aka yanka masa, in ƙararrawa ta kaɗa ya zauna ko da bai gama ba. Ba mai buɗe baki sai shugaba ya ba shi izini, kuma shugaba a ke fuskanta da magana, ba abokin gardama ba. Daga nan a ba sauran jama'a dama, sa'an nan a ɗaga hannu a ƙirga. Wanda aka kayar ya haƙura, ya dawo mako mai zuwa. Duk wanda ya taɓa ganin zaman majalisar dokoki ya san tsarin ke nan, girman ɗaki ne kawai ya bambanta.

Abin da ya sa wannan ya ke da muhimmanci gare mu musamman shi ne irin tarbiyyarmu. A gida a kan hori yaro ya sunkuyar da kai gaban na gaba, kada ya mayar masa da magana. Wannan tarbiyya ce mai kyau, ba mai son a rabu da ita. Amma ta bar wani giɓi, domin ba ta nuna wa yaro yadda zai ce bai yarda ba, ba tare da ya yi rashin kunya ba. Saboda haka sai ka ga mutum ya girma, an kira taro ya yi shiru, an watse ya koma zaure yana gunaguni. Ko kuwa ran da ya buɗe baki ya ɓarke da zagi. Muhawara ita ce ke koya masa hanya ta uku, watau ya miƙe da ladabi, ya kawo hujja, ya zauna. In malami ya iya, ya kan sa yaro ya kare gefen da bai yarda da shi ba, don ya gane ashe abokin gardama ma yana da dalilinsa.

Tarihin ƙasar nan ya nuna inda irin wannan horo ke kai mutum. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Sir Hugh Clifford ya buɗe a 1922, ta yi suna wajen horar da ɗalibai su yi Turanci da lafazi mai kyau. An mayar da ita Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, ita ce Kwalejin Barewa ta yau. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gama ta a 1933, Malam Aminu Kano kuwa ya gama a Kaduna a 1942, bayan ya yi suna da shirya wasan kwaikwayo tun yana ɗalibi. Su biyun suka haɗu suna koyarwa a Midil ta Bauci. A can, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, su da Malam Sa'adu Zungur suka shiga Majalisar Taɗi ta Bauci, inda malamai da ma'aikatan En'e da Turawan mulki kan zauna su tattauna al'amuran ƙasa. Ba ta daɗe ba aka rufe ta, bayan taɗin ya kai ga tambayar yadda a ke yanka albashin sarki. Amma waɗanda suka saba miƙewa a cikinta ba su koma shiru ba. A watan Agusta na 1950 Malam Abubakar ya tashi a majalisar Kaduna ya kawo batun a gyara mulkin En'e, batun ya wuce da ɗan rinjaye ƙanƙane, binciken da ya biyo baya kuma ya share hanyar Dokar En'e ta 1954. Ran 7 ga Oktoba, 1960, shi ne ya yi jawabi da sunan Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya.

Kada kuma a raina kujerar magatakarda. Yaron da ya shekara yana sauraron mutum huɗu masu musu, yana fitar da ainihin maganar kowa cikin layi uku ba tare da ya ƙara gishirinsa ba, ya riga ya koyi rabin aikin akawu. Ma'aikatan ofis sun san ɓarnar da rubutun taro maras kyau ke jawowa.

To, me ke kashe wannan jam'iyya a makarantu? Babban abu shi ne malami ya rubuta wa yaro jawabi, yaro ya haddace, ya zo ya zubo shi kamar karatun allo don a ciwo kofi a gasa. Wannan tilawa ce, ba muhawara ba, da zarar an jefo masa tambaya sai ya daburce. Sai kuma tilasta Turanci a kowane zama, har yaro mai hankali ya yi shiru don tsoron a yi masa dariya. Majalisar Jihar Arewa da kanta da Turanci da Hausa ta yi aikinta, ba dalilin da zai hana a yi mako guda da wannan, mako guda da wancan. 'Yan mata kuwa nasu ya fi na kowa gaggawa, tun da sai a 1976 matan Arewa suka sami damar jefa ƙuri'a.

Batun ma ya kamata wani lokaci ya zama na gaske. In ɗalibai suka yi muhawara a kan abincin makaranta ko lokacin karatun dare, suka ƙirga hannu, sai magatakarda ya kai wa shugaban makaranta abin da aka yanke a rubuce, shi kuma ya aiko da amsa a rubuce, ko ya yarda ko bai yarda ba, a karanta ta a farkon zama na gaba.