Ko Kun Sani? Mai Niƙa Ya Fi Manomi Jikoki a Jamus

Sunan dangin da ya fi kowanne yawa a Jamus shi ne Müller, wanda 'yan wasa Gerd Müller da Thomas Müller suka zaunar a bakin masu kallon ƙwallo. Ma'anarsa mai niƙa, tushensa kalmar Latin ce, molinarius. Da Jamusawa suka fara gadon sunan dangi, wajen ƙarni na 12, akasarinsu manoma ne, sai mutum ya zaci Bauer, wato manomi, zai zo kan gaba. Sai dai laƙabi don bambancewa ake yin sa. A ƙauyen da kowa ke riƙe da garma, ka ce "manomi" ba ka nuna kowa ba. Shi kuwa mai dutsen niƙan da ruwan rafi ke juyawa, jikinsa furu-furu da gari, kowa ya san shi. Dole ma a san shi, tunda doka ta tilasta wa talakawa kai hatsinsu gidan niƙan da aka ƙayyade musu, kuma masarautar Furusiya, a yankin Jamus, ba ta soke ta ba sai 1810. Wani zai ce ai maƙeri ma ɗaya ne a ƙauye. Haka ne, shi ya sa Schmidt, wato maƙeri, ke biye, ga kuma rubutu ya raba masa ƙuri'a: Schmitt, Schmid, Schmitz.