Ko Ka San Abin da Ya Haɗa Kan Kaza da Idonka?

Idan ka shiga wajen masu kaji a kasuwar Sabon Gari, ka lura da kazar da mai ciniki ya ɗaga yana jin nauyinta. Jikin na hawa da sauka, kan kuwa yana nan wuri guda. Idon kaza ba ya juyawa sosai a cikin gurbinsa, shi ya sa wuya ya ɗauki aikin tsayar mata da gani.

Kai ma kana yin haka, sai dai da ido. Ɗaga yatsanka ka zuba masa ido, ka girgiza kai: yana nan tangaran. To tsayar da kan, ka kaɗa yatsan da irin wannan sauri. Sai ya dushe.

Sirrin yana gindin ƙwaƙwalwa, inda ta haɗu da lakar baya. Kowane ido tsoka 6 ke jan sa, jijiyoyi 3 ke ba su umarni: ta 3, ta 4 da ta 6 cikin jijiyoyi 12 na kai. Can cikin kunne akwai lanƙwasassun bututu 3 masu ruwa. Da ka juya kai hagu, ruwan ya motsa, saƙo ya faɗa gindin ƙwaƙwalwa. Cibiyar jijiya ta 6 ta ja idon dama waje, nan take ta aika ta wata siririyar hanya da ke tsallakawa ɗaya ɓangaren ta hau zuwa cibiyar jijiya ta 3, ita kuma ta ja idon hagu wajen hanci. Idanu biyu suka koma dama tare, cikin kusan kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa, ba tare da ka yi niyya ba. Ikon Allah ke nan! Da wannan ne kake karanta allon shago kana cikin Keke Napep daga Sabon Gari zuwa Samaru, komai gargadar hanya. 

Hanyar nan da ke haɗa cibiyoyin jijiyoyin ido siririya ce, abu kaɗan ke taɓa ta. Hawan jini, ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki duk suna iya yi mata lahani. Idan dattijon gidanku ya wayi gari yana ganin abu bibbiyu, ko ido ɗaya ya karkace, kada a tsaya ɗiga magani. A kai shi asibitin koyarwa na Shika a ranar.