Saniya, Hatsi da Kwanon Yaro

Wataƙila ka taɓa ji a rediyo ana cewa in da mutane za su rage cin nama, da yunwa ta ragu a duniya. Wani saurayi ya kawo mini wannan magana bayan sujada, yana tambaya ko ya gaya wa mahaifinsa ya rabu da shanunsa. Na ce masa kada ya yi garaje. Akwai gaskiya cikin maganar, amma sai mu duba wace dabba ake nufi, me kuma take ci.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mutum fiye da miliyan 700 suna fama da yunwa. Ba don ƙasa ta kasa ba da amfani ba ne. Hatsin da ake nomawa a duniya, wajen kashi ɗaya cikin uku dabbobi ne ke cinye shi. Waken soya kuwa, wanda Barazil da Amurka suka fi kowa nomawa, kusan kashi uku cikin huɗu abincin kaji, aladu da shanu ake yi da shi. A waɗancan ƙasashe akan tara dubban dabbobi wuri ɗaya, ana zuba musu masara safe da yamma don su yi ƙiba da sauri.

Ga inda asarar take. Dabba ba ta mayar maka da abin da ka ba ta. Yawancinsa yakan tafi wajen numfashi, motsi, ɗumin jiki da kashi. Kazar gidan gona takan ci wajen kilo 2 na abinci kafin ta ƙara kilo 1, sa kuwa yakan ci ninkin wannan sau uku ko fiye. Masarar da za ta ciyar da gida guda ta koma tsoka kaɗan a kwanon mai kuɗi. In masu kuɗi suna sayen hatsi domin dabbobinsu, farashi yakan hau, talaka kuma shi ke fara jin zafi. Manya a cikinmu ba su manta da Fabrairu 2008 ba, lokacin da tsadar mai da abinci ta fitar da mutane kan titi a Duwala da Yawunde. Dalilan tsadar suna da yawa, amma neman hatsi domin dabbobi yana cikinsu.

To, dubi saniyar da ke kiwo a tuddan Adamawa. Me take ci? Ciyawa, ganye, karan masara bayan girbi, harawa, dusa, da rani kuma ƙulin gurya in mai ita yana da hali. Babu abin da za ka tuƙa tuwo da shi a cikin waɗannan. Tana cin abin da cikin mutum ba ya narkarwa, tana ba da nono, nama da taki. Haka akuyar da ke bin bayan gida, haka kazar da ke tonon tsutsa. Irin wannan dabba ba ta ƙwace abinci daga bakin kowa, ƙara shi take yi, muddin ba ta shiga gonar maƙwabci ba. Saboda haka na ce wa saurayin nan ya bar dattijo da shanunsa.

Abin da ya fi damuna a ɗakin awon yara wani abu ne dabam. Muna zaune cikin ƙasar shanu, ana lodinsu zuwa kudu kowane mako, amma ana kawo mana yara masu tamowa: ƙafa ta kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, yaro ba ya wasa, ba ya son ci. In na tambayi uwa abin da yake ci, sai ta ce kunun masara ko tuwon rogo, yau da gobe. Kaji fa? Akwai, amma ƙwan na kasuwa ne. Wake fa? An sayar tun kaka. Wani lokaci masara da waken soyan da aka sayar da arha, kajin birni ne za su ci su. Abin da ake faɗa game da manyan ƙasashe, ga ƙaraminsa a ƙofar gidanmu.

Ban ce kada a sayar ba. Akwai kuɗin makaranta, akwai magani, akwai sabulu, na sani. Sai dai a fara auna na gida kafin a ɗauki na kasuwa.

Abincin gona kaɗai zai iya riƙe babban mutum da lafiya, in an haɗa shi daidai. Masara, dawa da gero suna ba da ƙarfi, amma abin gina jiki da ke cikinsu bai cika ba. Wake da waken soya suna da abin da hatsi ya rasa, shi ya sa dawa da wake ko tuwo da awara suka fi tuwo da miyar da ba komai cikinta. Gyaɗa tana ƙara mai da abin gina jiki. Rogo shi ya fi rauni, kusan ƙarfi kaɗai yake bayarwa, amma ganyensa, in an daka an dafa shi sosai, yana da amfani ƙwarai. Ga zogale, ga kuka, ga alayyafo, ga kabewa. Mutane da yawa a Indiya ba sa cin nama duk rayuwarsu, sai hatsi da dangogin wake, amma ka lura, suna shan madara.

Ƙaramin yaro da mace mai ciki ko mai shayarwa, nasu dabam ne. Cikin yaro ƙanƙane ne, ba zai ɗauki tuwo mai yawa ba, dole abin da ya shiga ya zama mai kyau. Akwai kuma bitamin B12, wanda jini da ƙwaƙwalwa suke bukata, ba a samunsa cikin hatsi ko ganye, sai a nono, ƙwai, kifi da nama. Sinadarin ƙarfe mai gyara jini ma ya fi shiga jiki daga nama, hanta da kifi.

Ke uwa, wata shida na farko nononki kaɗai ya ishi jaririnki, ko ruwa ba ya bukata. Daga wata shida ki ci gaba da shayarwa har shekara biyu, ki fara ba shi kunu mai kauri, ba tsararo ba. Ki zuba garin wake ko na soya da aka soya, da cokali ɗaya na tunkuzar gyaɗa ko ɗan mai. Ki dafa ƙwai ya nuna sarai, ki marmasa masa. Ana cewa yaron da ya ci ƙwai zai yi sata. Na ga yara da yawa da suka tashi da ƙwai, ban ga ya lalata ko ɗaya ba. Ƙananan busassun kifi, ki daka su har da ƙaya su zama gari, ki riƙa barbaɗawa a miyarsa. Nonon saniya kuwa a tafasa shi tukuna, gama ɗanye yakan kawo tarin fuka da zazzaɓi mai daɗewa, kada kuma ya maye gurbin nononki kafin yaro ya shekara.

Maigida, in an yanka kaza, a fara cire hanta da tsoka a sa a kwanon yaro da na mai ciki. In kuma ka danna ƙafar yaronka da yatsa ka ga wurin ya lotsa bai taso ba, kada ka jira ranar kasuwa, ka kawo shi asibiti a ranar.