Kiwon Ƙwari: Sanin Matakin da Suke Ciki

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau maganar kiwo ce, amma babu tunkiya babu tattabara a cikinta. Kiwon ƙwari za mu taɓa. Na san wani zai ce, ƙwaron da muke kashe kuɗi don mu kore shi daga ɗaki? To, a ɗan ba mu aron kunne.

(Kukan gyare)

Gyare ke nan kuka ji. A ƙasar Sin an fi shekara dubu ana ajiye shi a gida saboda wannan kuka. Tun zamanin daular Tang, wadda ta yi mulki daga 618 zuwa 907, ake ba da labarin matan fada masu ajiye gyare cikin ɗan keji kusa da matashin kai. A ƙarni na 13 wani wazirin daular Song, Jia Sidao, ya rubuta littafi sukutum kan zaɓen gyare da ciyar da shi. Har gobe akwai dattawan Beijing da ke saka shi cikin ɗan gora, su cusa a riga lokacin sanyi don ɗumin jikinsu ya raya shi. A Japan kuwa yara ne ke rububin wani ƙaton ƙwaro mai ƙaho, kabutomushi, wanda ake sayarwa a kanti tare da abincinsa.

Duk wanda ya iya wannan kiwo, abu ɗaya ya riƙe: ya san matakin da ƙwaronsa yake ciki. Abin da ya raya shi a watan jiya yana iya hallaka shi a wannan wata.

Mu fara da jiki. Ƙafa shida, gaɓa uku: kai, ƙirji, ciki. Gizo-gizo da kunama ƙafa takwas gare su, saboda haka masana ba sa lissafa su a wannan dangi. Ƙwaro ba shi da huhu. Ta wasu ƙananan ramuka a gefen ƙirji da ciki yake shan iska. Shi ya sa kwalbar da aka toshe bakinta take zama kabarinsa, kuma ɗan ruwa a murfi ya isa ya nutsar da gyare. Auduga ake jiƙa masa ya tsotsa.

Ba shi da ƙashi a ciki. Ɓawon da ke waje shi ne ƙashinsa, kamar sulken mahayi a hawan Sallah: yana kare shi, amma ba ya buɗawa. Idan jiki ya cika ɓawo, sai ya yi saɓa. Nan ne haɗari yake. Kafin saɓa zai daina cin abinci, ya lafe wuri ɗaya. Bayan ya fita daga tsohon ɓawo za ka gan shi fari fat, jikinsa laushi, sai ya ɗauki sa'o'i kafin ya taurara. Mai kiwon da bai sani ba sai ya ɗauka ciwo ne, ya sa yatsa ya juya shi, ƙafa ta karye ko fiffike ya lanƙwashe har abada. A bar shi kawai. Mu da muke da hunturu, a lura: busasshiyar iska tana sa tsohon ɓawo ya manne, don haka a ɗan yayyafa ruwa a gefen mazubin.

(Kiɗa kaɗan)

Hanyar girma iri biyu ce. Gyare da fara da ƙoƙi-ƙoƙi mataki uku suke bi: ƙwai, ɗa, babba. Ɗan yana fitowa da siffar iyayensa, fiffike ne kawai babu, kuma abincinsu ɗaya. Gyare namiji ba zai yi kuka ba sai ya yi saɓar ƙarshe, domin da fikafikai yake kukan, yana goga ɗaya a kan ɗaya. Kunnuwansa kuma, ku ji ikon Allah, a ƙafafun gaba suke. Tamatar ba ta kuka. Ana gane ta da dogon tsinken da ke bayanta, wanda take soka ƙwai da shi cikin ƙasa mai danshi.

Hanya ta biyu mataki huɗu ce, kuma ita ce ke rikita mutane: ƙwai, tsutsa, kwanciya, babba. Mu ɗauki kabutomushi. A Japan, uwar tana zuba ƙwai a ƙarshen lokacin zafi cikin ruɓaɓɓen ganye. Tsutsa ta fito fara, ta yi ta cin wannan taki har sanyi ya shiga ya fita. Wajen watan Mayu ko Yuni sai ta gina ɗan ɗaki a cikin ƙasa, ta shafe bangonsa, ta ƙame. Mako uku ko kusa da haka babu ci babu sha, alhali a ciki ana rushe jikin tsutsa ana gina ƙaho da fiffike. Wanda ya ƙosa ya tona ƙasar don ya duba, ya rusa ɗakin, ya yi asarar wahalar wata tara. Babban da ya fito kuma wata biyu zuwa uku ne rabonsa a duniya. Yana son ayaba da tuffa. Masu kiwo suna guje wa kankana saboda ruwanta ya yi yawa.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: ƙwaron da ya yi fiffike ya gama girma. Ƙaramin buzuzu ba ɗan babban buzuzu ba ne. Ko dai jinsinsu daban, ko kuwa yana tsutsa bai ƙoshi ba. Mai son ƙaton ƙwaro, tsutsa zai ciyar.

Tsutsar siliki ta fi kowa nuna wannan. Ganyen bishiyar malberi take ci, ta yi saɓa sau huɗu cikin kimanin wata guda, sannan ta naɗe kanta da zare ɗaya tilo mai tsawon ɗaruruwan mita. Abin da zai fito daga ciki ba shi da bakin cin abinci, ba ya iya tashi, kwanaki kaɗan zai yi ya zuba ƙwai ya mutu. Kada yaro ya yi kuka cewa ya ƙi cin abinci. Haka aka halicce shi. Mu ma ba baƙi ba ne a nan. Zaren tsamiya da ake yi wa babbar riga aiki da shi, daga gidan wasu tsutsotsin daji yake fitowa, masu taruwa su saƙa gida ɗaya a kan bishiya.

A ra'ayina, wanda zai fara ya fara da gyaren bayan gidansa. Ba sai ya sayi ƙwaron wata ƙasa ba, wanda in ya kuɓuce yana iya zama annoba a gona.

Iyaye, in yaranku sun ajiye ƙwaro, ku fitar da shi kafin ku kunna maganin sauro ko ku yayyafa fiya-fiya, ku kuma wanke ganyen kasuwa sosai kafin a ba shi, domin feshin da aka yi a lambu bai san na kiwo ba. Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau.

(Kiɗan rufe shiri)